Tafkin Nyos: Yadda iskar tsohon dutse mai aman wuta ta hallaka mutum 1,746 a dare ɗaya

A daren 21 ga Agusta, 1986, mazauna ƙauyukan Nyos da Cha da Subum a arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakar Najeriya, sun kwanta lafiya, amma da dama daga cikinsu ba su wayi gari ba. Mutum 1,746 ne suka rasu, tare da dabbobi kimanin 3,500, galibinsu shanu. Babu gobara, babu toka, gidaje kuma suna nan tsaye.

Sirrin lamarin yana ƙarƙashin Tafkin Nyos, wanda ya taru a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa kuma ya kai mita 200. Narkakken dutsen da ke can cikin ƙasa yana fitar da iskar kabon dayoksaid, ita kuma tana narkewa a ruwan gindin tafkin. Nauyin ruwan sama ne ke danne ta, kamar yadda murfi ke tsare iskar lemon kwalba.

A wannan dare wani abu ya motsa ruwan gindin, masana da yawa na danganta shi da zaftarewar ƙasa. Ruwan ya taso, iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka har nisan kilomita 25, tana shaƙe duk wani mai numfashi. Irin wannan ya faru a Tafkin Monoun a 1984, inda mutum 37 suka mutu.

A 2001 injiniyoyi suka kafa bututun da ke zuƙo ruwan gindin tafkin domin iskar ta riƙa fita sannu a hankali, aka ƙara wasu biyu a 2011.

Najeriya ma tana da nata kaso na haɗarin, amma ta fuskar ruwa. Gefe ɗaya na tafkin wata katanga ce ta duwatsu marasa ƙwari. Idan ta fashe, ambaliya za ta bi Kogin Katsina-Ala zuwa Taraba da Binuwai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa ta Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, wadda kuma aka tsara ta samar da megawat 40 na lantarki.

Masana na sanya tsaunukan Biu a Borno cikin jerin duwatsun aman wuta na Kamaru, akwai kuma tsofaffin ramukan aman wuta a Filato, maƙwabciyar Bauchi. Sun daɗe shiru, amma Nyos ma shiru yake kafin 1986. Shi ya sa sa ido a kan irin waɗannan wurare da kula da madatsar Kashimbila ba aikin da za a yi wa sakaci ba ne.