Sanin Ma'anar Kalma Ya Fi Haddace Ta

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na kewayen Dutse, Kiyawa da Jahun, sau da yawa yaro yakan karanta shafi guda na Turanci ba tuntuɓe. Amma in aka ce ya faɗi abin da ya karanta da Hausa, sai ya yi tsit. Ya iya furta kalmomin, bai san abin da suke nufi ba. Wannan na cikin abubuwan da ke kayar da yaranmu a jarrabawa.

Duk ɗalibin da ke neman shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sai ya sami kiredit a Turanci a WAEC ko NECO. A jarrabawar JAMB kuma, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, yawancin sauran ma da Turanci ake yin su. Manya su ma abin ya shafe su. Manomin da ya sayo maganin feshi a kasuwar Shuwarin zai ga kalmar "dilute" a jikin kwalba, wato a surka da ruwa. In ba wanda ya san ta a gida, yana iya ƙona wakensa.

Ga hanyoyi uku da za su taimaka.

Na farko, a koyi kalma tare da danginta. A Hausa, daga "karanta" muka sami karatu da makaranta. Haka Turanci yake. Gaɓar "port" ta fito daga Latin, ma'anarta ɗauka. Daga nan aka sami "transport", sufuri. "Export", fitar da kaya waje. "Import", shigo da kaya. Da "portable", abin da za a iya ɗauka a hannu. Haka kuma "un" a farkon kalma takan juya ma'ana: "safe" abu ne marar haɗari, "unsafe" mai haɗari. Wanda ya gane tushe ɗaya ya sami kalmomi da yawa a lokaci guda.

Na biyu, a duba maƙwabtan kalma cikin jimla. Mu ma muna cewa bakin mutum, bakin kogi, bakin wuƙa, kuma ba mu rikicewa. Kalmar "interest" tana nufin sha'awa, amma a takardar rance kuɗin ruwa ne. "Fine" na iya zama lafiya lau, a kotu kuwa tara ce. Saboda haka kada yaro ya rubuta kalma ita kaɗai. Ya rubuta ta tare da jimlar da ya same ta a ciki.

Na uku, a yi abota da ƙamus. Akwai Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda ya fito a 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990. In gida ɗaya ba zai iya saye ba, gidaje biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Inda akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci, yaro ya buɗe sura ɗaya a duka biyun. Labarin da ya riga ya sani zai nuna masa ma'anar sababbin kalmomi.

Kowane yaro ya ware ƙaramin littafin rubutu. Kullum ya rubuta kalmomi 5, da ma'anarsu da Hausa, da jimla tasa ta kansa. Kwana 6 a mako sun ba shi kalmomi 30, mako 50 kuma 1,500. Ranar Asabar ya koma kan na makon, domin kalmar da ba a amfani da ita takan gudu.

Iyaye, ko ba ku taɓa shiga aji ba, kuna da aiki a nan. Bayan tuwon dare, ku ce wa yaro, "Wace kalma ka koya yau? Faɗa mini ita da Hausa." In ya iya bayyana ta har kuka gane, to ta zauna. In ya kasa, gobe ya tambayi malaminsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka mu fara da 'yan firamare tun wannan zangon.