Charles de Foucauld: malamin da bai sami almajiri ba

A watan Disamba na 1916, watan da Kaosan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, an harbe wani limamin Katolika a Tamanrasset, can cikin duwatsun Ahaggar na ƙasar Aljeriya. Sunansa Charles de Foucauld. In da ƙidayar mutane za a bi, ya mutu bai ci nasarar kome ba.

An haife shi a Strasbourg a 1858. A makarantar sojan doki ta Saumur shi ne na 87 cikin ɗalibai 87, kuma a 1881 aka dakatar da shi daga aikin soja saboda rashin ɗa'a. Ganin yadda Musulmin Maroko ke tsai da salla ya girgiza zuciyarsa, har ya komo ga addinin iyayensa a 1886. Ya zama limami a 1901, ya zauna Tamanrasset daga 1905. Burinsa shi ne kafa ƙungiyar masu ibada cikin talauci. Ya rubuta mata dokoki, ya yi ta jiran abokan zama. Mutum ɗaya ya gwada, bai jure ba. Cikin Abzinawa kuwa, ba wanda ya shiga addininsa.

Abin da mabiya Katolika suka fi riƙewa cikin labarinsa ya faru a farkon 1908. Fari ya daɗe, ya rarraba ɗan tanadinsa, ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Sai maƙwabtansa Abzinawa, su ma da yunwarsu, suka bi rugage suna neman awakin da ke da sauran nono, suka shayar da shi har ya miƙe. Shi da ya zo don ya bayar, ga shi yana karɓa daga hannun matalauta. A fahimtar Katolika nan ne ma'anar take: Yesu ya yi shekaru kusan 30 a Nazarat ba wanda ya san da shi, ya kuma ƙare a kan gicciye, don haka rashin ƙarfi da rashin sakamako hanya ce ta bin sawunsa. Daga wannan jinya Foucauld ya ƙara duƙufa ga harshen mutanen da suka cece shi, ya bar ƙamus na Tamahak da Faransanci mai juzu'i 4.

Amma kada a manta, mutumin zamanin mulkin mallaka ne. Yana aika wa hafsoshin Faransa labarai, kuma akwai bindigogi a ganuwar da aka kashe shi a ƙofarta.

Sai a 1933, shekara 17 bayan rasuwarsa, René Voillaume ya kafa Ƙananan Ƴan'uwan Yesu bisa tafarkinsa, ta mata ta biyo a 1939. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Katolika ran 15 ga Mayu, 2022.