TUKUICIN DA YA ZAMA ALBASHI: Labarin 'Yan Sabis Na Bakin Kogin San Antoniyo

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. A al'ada, in babban mutum ya aiki yaro da kyauta, wanda aka kai wa yakan sami ɗan wani abu ya danƙa wa ɗan aiken, ya ce ga na goro. Ba tilas ba ne, ba kuwa wanda zai kai ƙarar wani gaban alƙali don ya hana. Haka nan 'yan Arewa mazauna Ikko da Ibadan da Fatakwal, masu gadi da 'yan dako da masu gyaran takalmi, sun san daɗin ranar da maigida ya ƙara musu ɗan ihisani a bisa ladan da aka yi jinga.

To, amma akwai ƙasar da tukuici ya tashi daga kyauta ya koma shi ne albashin kansa, wanda in an hana mutum sai kuɗin hayarsa ya gagara. Ƙasar nan kuwa ita ce Amurka. Ɗaya daga wuraren da al'amarin ya fito fili shi ne jerin gidajen abincin da ke bakin kogin birnin San Antoniyo, a Jihar Teksas, inda baƙi ke tururuwa rani da damina don shan iska.

KOGI A ƘARƘASHIN TITI

Baƙon da ya sauka a tsakiyar San Antoniyo yana iya yin yawo a titi bai san akwai kogi ba, sai ya zo kan gada ya leƙa. Kogin yana can ƙasa, kamar zurfin bene hawa ɗaya, sai an bi matakalar dutse a sauka. Da mutum ya sauka sai ƙarar motoci ta ɗauke, ya tarad da hanyar ƙafa shimfiɗe da duwatsu a kowane gefen ruwan, ga manyan itatuwa sun yi rumfa, ga ƙananan gadoji masu baka, ga teburori jere ƙarƙashin laimomi ja da kore da rawaya, har wani teburin in ka miƙa hannu sai ka taɓa ruwa. Turawa na kiran wurin River Walk, masu jin Sifananci kuwa, waɗanda ke da yawan gaske a birnin, suna ce masa Paseo del Rio, wato dai hanyar yawon bakin kogi.

Kogin ba wani babba ba ne, a tsakiyar gari zurfinsa bai wuce ƙugun mutum ba a wurare da yawa. Jiragen ruwa masu faffaɗan ciki suna kai da kawowa ɗauke da baƙi, matuƙin yana tuƙi yana ba su tarihin gari, zagaye guda kamar rabin awa. Makaɗan Meksiko da manyan malafunansu suna bi tebur tebur da garayu da kakaki. Tafiya kaɗan daga nan akwai tsohon ginin Alamo, inda sojojin Meksiko a ƙarƙashin Janar Santa Anna suka yi wa mayaƙan Teksas ƙawanya kwana 13 a shekarar 1836.

Asalin wannan wuri kuwa masifa ce ta haife shi. A watan Satumba na 1921 kogin ya yi ambaliya ya shiga gari, mutane fiye da 50 suka halaka. Bayan wannan aka gina madatsar ruwa ta Olmos a arewacin birnin, aka kuma haƙa wata hanyar ruwa miƙaƙƙiya don ta ɗauke ambaliya daga gwiwar kogin da ta zagaye tsakiyar gari. A 1929 wani saurayi mai zanen gine-gine, Robert Hugman, ya kawo shawarar a mai da wannan gwiwa wurin shaƙatawa da kasuwanci. Rashin kuɗi ya sa ba a fara aikin ba sai 1939, da taimakon shirin Gwamnatin Tarayya na sama wa marasa aiki abin yi, aka gama a 1941. Shi kansa Hugman an sallame shi daga aikin a 1940, sai can kusa da ƙarshen rayuwarsa gari ya waiwaye shi ya girmama shi.

Gidan abinci na farko a bakin ruwan, Casa Rio, an buɗe shi a 1946. Amma wurin bai yi kasuwa sosai ba sai 1968, lokacin da birnin ya yi babban bikin baje koli na duniya don cikarsa shekara 250 da kafuwa, aka gina manyan otel-otel masu fuskantar kogi. Daga baya an tsawaita hanyar arewa a 2009, kudu kuma a 2013, har tsawonta duka ya kai misalin mil 15, ta dangana da tsofaffin majami'un Sifaniyawa da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015.

DALA 2 DA SANTI 13

Wannan shi ne abin da idon baƙo ke gani. Abin da ba ya gani shi ne takardar albashin yarinyar da ta kawo masa abinci tana murmushi, domin mafi yawan 'yan sabis a Amurka mata ne.

Dokar Gwamnatin Tarayya ta yanke cewa mafi ƙarancin ladan ma'aikaci shi ne dala 7 da santi 25 a awa guda, tun shekarar 2009. Amma wanda ke samun tukuicin da ya haura dala 30 a wata, doka ta yarda mai gidan abinci ya biya shi dala 2 da santi 13 kacal a awa, a kan cewa baƙi za su cike sauran. Wannan dala 2 da santi 13 tun 1991 take nan ba ta motsa ba. A wancan lokaci ita ce rabin mafi ƙarancin lada, sai Majalisar Dokoki ta daskare ta a 1996, ladan sauran ma'aikata ya yi gaba ya bar ta. Jihar Teksas kuwa tana cikin jihohin da ke bin wannan ƙa'ida ba ƙari.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Aikin awa 40 a mako a kan dala 2 da santi 13 ya kama dala 85 da santi 20. Daga ciki ake zare haraji, har da harajin tukuicin da ta samu, shi ya sa sau da yawa takardar albashin kan zo babu ko santi a ciki. Gaskiya ne doka ta ce in tukuici bai cike dala 7 da santi 25 ba, wajibi ne maigida ya cike. Amma ana yin wannan lissafi ne a kan mako duka, ba a kan yini ba, saboda haka daren Asabar mai albarka shi ke biyan bashin ranar Talatar da ba kowa.

YINI GUDA A BAKIN RUWA

A ɗauki misalin 'yar sabis a irin waɗannan gidajen abinci. Tun kafin a buɗe ƙofa ta iso, ta goge teburori, ta naɗe cokula cikin adiko, ta cika tulunan gishiri da barkono, duk a kan ladan nan na dala 2 da 'yan santi, alhali kuwa ba baƙon da zai ba ta kome a lokacin. A 2021 Ma'aikatar Ƙwadago ta kafa ƙa'idar taƙaita irin wannan aikin share fage da ake biya da ƙaramin lada, amma masu gidajen abinci suka kai ƙara a Teksas, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar a watan Agusta na 2024.

In an buɗe, sai ɗawainiya. A wasu gidajen madafa tana ciki can nesa, teburori kuwa suna waje a bakin ruwa, sai ta riƙa ratsa cunkoson masu yawo da tire cike da farantai a kafaɗa. Zafin Teksas a watannin Yuli da Agusta yana da tsanani ƙwarai. In hadari ya taso ko sanyin Janairu ya kankama, teburorin waje su zama kango, manaja ya sallami rabin ma'aikata tun da rana, su koma gida hannu rabbana.

Al'adar ƙasar ita ce mai cin abinci ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin da aka rubuta masa. Wanda ya ci na dala 80 zai ajiye dala 12 zuwa 16. Amma ba duka ke shiga aljihunta ba. A ƙarshen aiki sai ta fitar da rabon mai kwashe kwanuka, da mai haɗa abin sha, wani lokaci har da mai tarbar baƙi a ƙofa. A gidaje da yawa ana lissafa wannan rabo ne a kan yawan cinikin da ta yi, ba a kan tukuicin da ta samu ba. A ce, alal misali, gidan ya yanke kashi 3 cikin ɗari: in mutane suka ci na dala 200 suka tashi ba su ajiye kome ba, sai ta ciri dala 6 daga aljihunta. Wato ta yi musu hidima awa biyu, ta kuma biya kuɗin yi musu hidimar.

Wurin baƙi kuwa irin wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda ya zo daga Faransa ya saba an riga an sa ladan sabis cikin kuɗin abinci. Wanda ya zo daga Japan a ƙasarsu ba a ba da tukuici sam. Irin waɗannan sukan tashi suna yaba abinci, suna godiya da zuciya ɗaya, ba su san sun bar yarinya da hasara ba. Akwai kuma wanda zai rage tukuici don nama bai gasu ba, alhali laifin kuku ne. Akwai wanda zai sha giya ya riƙa yi mata maganar banza, ta haɗiye ta yi murmushi, domin kuɗin hayarta na cikin aljihunsa bai fito da shi ba tukuna. A wani teburin kuma sai Allah ya kawo 'yan babban taro daga otel, masu kashe kuɗin kamfani, su ajiye mata abin da ya fi na yini uku. Ba ta san wanne za ta samu ba sai ta buɗe takardar bayan sun tashi.

DAGA INA AKA SAMO?

Attajiran Amurka ne suka kwaso al'adar daga Turai a ƙarni na 19. Ta sami gindin zama bayan yaƙin basasan da ya ƙare a 1865, lokacin da otel-otel da kamfanin jiragen ƙasa na Pullman suka riƙa ɗaukar baƙaƙen fatar da aka 'yanta daga bauta a kan lada kaɗan, a bar fasinja ya cike musu. Mutane da yawa sun ƙi abin tun farko, suna cewa ya mai da ɗan ƙasa mabaraci. Jihar Washington ta haramta tukuici a 1909, wasu jihohi suka bi sahu, amma zuwa 1926 duk an soke dokokin domin ba wanda ya bi su. Dokar mafi ƙarancin lada ta 1938 ba ta haɗa da ma'aikatan gidajen abinci ba. Sai a 1966 aka shigar da su, tare da sharaɗin nan na lissafa tukuici cikin lada.

Ba duk jihohi ne suka yarda da haka ba. Jihohi 7, cikinsu har da Kalifoniya da Nebada da Minesota, sun wajabta a biya ɗan sabis cikakken lada, tukuici ya zama ƙari. A 2018 Majalisa ta hana maigida da manaja taɓa tukuicin ma'aikata. A watan Yuli na 2025 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba masu irin wannan aiki damar cire tukuici har na dala 25,000 a shekara daga kuɗin da ake yanka wa harajin samu na tarayya, daga 2025 zuwa 2028. Amma wannan bai ɗaga dala 2 da santi 13 ko da santi ɗaya ba.

Abin mamaki, su kansu 'yan sabis bakinsu bai zo ɗaya ba. Waɗanda ke manyan gidaje masu tsada suna samun abin da ya fi albashin akawu, ba sa son a taɓa tsarin, suna tsoron in an ƙara lada baƙi za su daina bayarwa. A Jihar Maine jama'a sun jefa ƙuri'ar ƙara musu lada a 2016, sai 'yan sabis da yawa suka yi ca a kan Majalisar jihar har ta maido da tsohon tsari a 2017. Masu ƙuri'a a Massachusetts su ma sun ƙi irin wannan shawara a 2024. Masu wahala su ne na ƙananan gidaje da masu aikin rana, kuma su ne muryarsu ba ta cika kai wa Majalisa ba.

GA MAI NIYYAR TAFIYA

'Yan Nijeriya suna da yawa a Teksas, musamman a birnin Houston, wanda tsakaninsa da San Antoniyo tafiyar misalin awa 3 ce a mota. Ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai ziyarar 'yan'uwa da ya sami kansa a bakin wannan kogi, ya tuna da maganar magabata cewa in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Kafin ya zauna ya sa kashi 20 cikin lissafinsa. Ya kuma duba takardar da kyau, domin in jama'a suna da yawa a tebur guda wasu gidajen sukan sa tukuicin a ciki tun da farko. In aljihu ba zai ɗauka ba, akwai wuraren da mutum ke sayen abinci a kanta ya ɗauka da hannunsa, ba wanda zai zarge shi.

Duk wanda ya taɓa sauke buhu a kasuwar Mile 12 sannan ya tsaya yana jiran abin da mai kaya zai ga dama ya bayar, ya san halin da yarinyar nan ke ciki sa'ad da ta nufo tebur don ɗaukar takarda. Allah ya ba kowane mai nema halaliyarsa, amin.