Sauke Injin Mota a Gida: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Idan mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi mai shuɗi, ko inji ya buga, sau da yawa maganar bakanike ɗaya ce: sai an sauke inji. Tsadar kuɗin aiki kan sa wasu, musamman waɗanda suka ɗan taɓa kanikanci, su yi sha'awar yin aikin da kansu a gida. Yana yiwuwa, amma aiki ne da ke buƙatar tsari da kayan aiki fiye da ƙarfin damtse.

Babban hatsarin shi ne nauyi. Injin mai silinda huɗu yakan haura kilo 100, mai silinda shida kuma ya fi haka. Reshen bishiya da igiya ba abin dogaro ba ne. Ana buƙatar cen-bulok a kan ƙarfe mai ƙwari, ko ƙaramin kiren na ɗaga inji, a kan daɓen siminti. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, yana iya sacewa ko ya zame. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an ɗora ta a kan matokaran ƙarfe, an kuma sa wa tayoyi waigi.

Daga nan sai a bi aikin daki-daki. A fara cire kan batir mai alamar ragi, don kada sufana ta haɗa wuta. A bar inji ya huce, a tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto a mazubi, ba a kwata ba. A rage matsin fetur kafin a kwance bututunsa, nesa da wuta da sigari. Sannan a cire wayoyi da tiyo-tiyo da salansa, a raba inji da giya, kujerun inji kuwa sai sarƙa ta riƙe nauyin ake kwance su. Idan an fara ɗagawa aka ji ya cije, to akwai noti ko waya da aka manta. A tsaya a duba.

Zamani ma ya sauya aikin. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna injinta a miƙe yake, ga fili, ga ƙarancin wayoyi. Motoci irin Corolla da Accord kuwa injinsu a gicciye yake, cike da na'urorin da ke aika saƙo ga kwamfutar mota. Soket ɗaya da aka manta na iya hana mota tashi. Shi ya sa ɗaukar hoto kafin kwance kowane abu, da rubuta suna a kan kowace waya, ke sauƙaƙa mayarwa.

Mai karatu, idan ba ka da abin ɗagawa mai inganci, da littafin gyaran motarka, da mataimaki a kusa, kai ta gareji. Kuɗin bakanike bai kai darajar hannunka ko ranka ba.