Jiminar Kutus: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

A Kelle, arewa da Gure, kusa da duwatsun Kutus, akwai gandun da ake kiwon jimina mai jan wuya. Ƙungiyar Sahara Conservation ce ke tallafa masa tare da hukumomin Nijar da mutanen yankin. Maganganu sun yi yawa a kan wannan tsuntsuwa, gara a tantance su.

"Ai suna nan jingim a daji." Ba haka ba ne. Farauta, kwasar ƙwai da fari sun ƙarar da ita daga dazukan Nijar. Garken da ya yi saura a Azbin ma an kusa shafe shi a shekarun 1990, lokacin tawaye. Yau sai a ƙasashe kaɗan, kamar Chadi da Kamaru, ake samunta a sake. Wannan ce maganar da ta fi cutarwa, domin ita ke sa mai sayen ƙwai ko gashi ko man jimina ya ga bai yi laifi ba.

"Tana tusa kai cikin rairayi in ta tsorata." Ƙarya ne. Sheƙarta rami ne a ƙasa. In ta sunkuya tana juya ƙwai da baki, wanda ya hango daga nesa sai ya zaci ta binne kai. In ta ga abin tsoro, ko ta shimfiɗa wuya a ƙasa ta lafe, ko ta zura da gudun da ke kai kilomita 70 a sa'a, ko ta kai shuri.

"Da kallo take ƙyanƙyasa." Wannan ma ba shi da tushe. Kwanci take yi na kimanin kwana 42, macen da rana, namijin da dare. Toka-tokar jikinta na sajewa da ƙasa, baƙin gashinsa kuma da duhu.

"Tana haɗiye tsakuwa." Gaskiya ne. Ba ta da haƙori, tsakuwar ce ke niƙa mata abinci a ciki. Amma ba ta narkar da ƙarfe: ƙusa ko waya na iya kashe ta.

"In ta ƙare sai a sayo wata daga Afirka ta Kudu." Ba iri ɗaya ba ne. Ta can wuyanta toka-toka ne, tamu kuwa ta fi girma, ta kuma saba da zafin Sahel.

"Tsuntsun da ya bar daji ba ya komawa." Yana komawa in an adana irinsa. Shuɗin akun nan na Brazil mai suna Spix ya ɓace daga daji a 2000, aka ci gaba da kiwonsa, aka sake sakin wasu a 2022.

Abin da ake fata da jiminar Kelle ke nan. Namu aikin shi ne mu daina sayen ƙwanta da gashinta, wanda kuma ya ga ana tallarsu ya sanar da ma'aikatan gandun daji.