Mai Kantin Yadin da Ya Buɗe wa Tubabbun Mashaya Banki

Ranar 1 ga Maris, 1845, aka buɗe wani banki a garin Hobart, can tsibirin Tasmaniya da ke kudu da Ostareliya. Bankin ba shi da ginin kansa. Gefe guda aka keɓe masa a kantin wani mai sayar da yadi a titin Liverpool, kuma mai kantin, George Washington Walker, shi ne manaja. Hannun da ke auna wa mata alawayyo shi ne ke karɓar sulalla yana rubutawa a littafi. Sunan bankin Hobart Savings Bank, ba kuma don attajirai aka kafa shi ba, su suna da nasu bankunan. An yi shi ne don lebura da 'yar aikin gida da ma'aikacin jirgin ruwa da fursunan da ya gama wa'adi, musamman mutumin da ya sa hannu a takarda cewa ya rabu da giya.

Sai an san garin kafin a gane dalili. Turawan Ingila sun kafa Hobart a 1804, tsibirin kuma a lokacin Van Diemen's Land ake ce masa, sai a 1856 ya koma Tasmaniya. Kurkuku ne da teku ya zagaye: fiye da mutum 70,000 Ingila ta kwaso daga gidajen yarinta ta jibge a can kafin a daina a 1853. Maza sun ninka mata, akasari ba iyali, ba dangi. Ga matuƙa masu farautar manyan kifayen teku don mansu, su yi watanni a ruwa, su sauko da albashi a dunƙule. Kuɗi a hannun gwauron da ba shi da wanda zai aika wa, ba shi da inda zai ajiye, an san inda yake kwana. Gwamna John Franklin ya hana dafa barasa a tsibirin a ƙarshen shekarun 1830, haramcin da ya kai har farkon shekarun 1990, amma wadda jirage ke shigowa da ita ba a taɓa ta ba, don harajinta na cikin abin da ke riƙe da baitulmali.

An haifi Walker a Landan a 1800, shi ne ɗa na 21 a wurin mahaifinsa, baduku mai ɗinka sirdi. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, kakarsa ta riƙe shi a Newcastle. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ciniki a kantin yadi na wani ɗan ɗariƙar Quaker, kuma a wannan gida ya sami sana'a da aƙida gaba ɗaya. 'Yan Quaker Kiristoci ne da ba su da limamai, ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, ba sa zuwa yaƙi, ba sa ado. Da yake an daɗe ana toshe musu ƙofar manyan jami'o'in Ingila da muƙaman gwamnati, sai suka dulmuya cikin kasuwanci, suka yi suna da abu biyu: farashi ɗaya ba tayi, da cika alkawari. Ɗan ɗariƙar da ya ci bashi ya ƙi biya, jama'arsa ce ke fara tuhumarsa kafin kotu. Daga cikinsu bankunan Barclays da Lloyds suka fito. Mai shan Bournvita ma ya taɓa haɗuwa da su bai sani ba, don John Cadbury, wanda kamfanin da ke yin ta ya samo asali daga kantin da ya buɗe a Birmingham a 1824, ɗan Quaker ne mai yaƙi da giya, yana tallar shayi da koko a madadinta.

Walker ya gwada sana'ar tangaran ba ta karɓe shi ba. Ya shiga ɗariƙar sosai a 1827. A 1831 ya bi abokinsa James Backhouse, mai gonar renon itatuwa a York, suka hau jirgi don su gano halin da fursunoni ke ciki a ƙasashen da Ingila ke mulka. A cikin jirgin akwai tsofaffin sojoji da suka karɓe fanshonsu a dunƙule don su fara sabuwar rayuwa, kuma buguwarsu da faɗace-faɗacensu ne darasin farko da ya samu. Sun sauka Hobart a Fabrairun 1832. Shekara shida suna yawo, sau da yawa a ƙafa: sansanin azaba na Macquarie Harbour, Port Arthur, tsibirin Norfolk, gungun fursunoni masu fasa dutse da sarƙa a ƙafa. Suna rubuta wa gwamnoni rahoto, suna kafa ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye. Sun je tsibirin Flinders ma, inda aka tsare ragowar 'yan asalin Tasmaniya bayan an ƙwace ƙasarsu. Sun tausaya musu, sun nemi a kyautata abincinsu da makwancinsu, amma tausayin bai kai ga mayar wa kowa da ƙasarsa ba. Daga 1838 zuwa 1840 suka zagaya Afirka ta Kudu a keken shanu. A nan suka rabu: Backhouse ya koma Ingila, Walker ya juya Hobart, inda ya bar yarinyar da yake so.

Abin da ya gano a wannan yawo shi ya haifi bankin. Da farko ƙungiyoyin nan barasa mai ƙarfi kawai suke hanawa, su bar giyar sha'ir da ta inabi. Daga baya tafarkin mutanen Preston na Ingila, su Joseph Livesey, waɗanda a 1832 suka ce a bar ta gaba ɗaya, shi ya rinjaya, Walker ma ya bi. To amma mutum ya sa hannu ranar Lahadi, Asabar ta zagayo an biya shi albashi, ga sulalla a aljihu, ga abokai na kira. Ɗakin da yake kwana na haya ne, su da yawa, ba akwatin da zai amince wa. Babban banki kuma ba ya buɗe wa mai sule biyu littafi. Wa'azi ya raba shi da kwalba, bai gaya masa inda zai kai kuɗin kwalbar ba.

Dabarar ba Walker ya ƙirƙiro ta ba. Wani limamin coci a ƙauyen Ruthwell na Sikotland, Henry Duncan, shi ya fara irin wannan banki a 1810, garin Launceston da ke arewacin Tasmaniya ma ya riga Hobart da shekara goma. Tsarin ba wuya a faɗa. Babu masu hannun jari da ke jiran riba. Akwai amintattu, dattawan gari, waɗanda ba a biyansu ko kwabo, su ke sa ido. Ana karɓar ajiya komai ƙanƙantarta, a rubuta a babban littafin banki, a rubuta a ɗan littafin da mai kuɗi zai tafi da shi. Ana ƙayyade iyakar abin da mutum ɗaya zai tara, don kada masu hali su mamaye wurin. Kuɗin da aka tara a ba da su bashi bisa jinginar gida ko fili, ko a ranta wa gwamnati, abin da ya shigo a cire kuɗin tafiyar da aiki, saura a raba wa masu ajiya a matsayin kuɗin ruwa. Mai karatu Musulmi zai tsaya a nan, da gaskiyarsa. Su 'yan Quaker ba su ɗauki ruwa madaidaici haram ba. Sai dai ba ruwan ne ke jawo lebura ba, don abin da sule goma za ta haifa a shekara bai taka kara ya karya ba. Abin da yake saye shi ne nisa tsakaninsa da kuɗinsa. Asusu ne da ba ya fasuwa da tsakar dare: sai gari ya waye, sai an buɗe kanti, sai ka tsaya gaban mutumin da ya ga ranar da ka sa hannu.

Wahalar sana'ar tana cikin ƙananan abubuwa. Ajiya ɗari ta sule ɗaiɗai ta fi ajiya ɗaya ta fam biyar cin lokaci, ga shi kuɗin ɗaya ne. Kowace sai an shigar da ita wuri biyu da alƙalami da tawada, a lissafa ruwanta da ka, fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Da yawa daga masu ajiyar ba su iya rubuta sunansu ba, sai manaja ya san fuska, ya san wace ce matar wane, ya san abin da zai ce wa mijin da ya zo neman abin da matarsa ta ɓoye masa. Sannan ga babbar fargaba: kuɗin mutane suna kwance a gidajen da aka jinginar, ba za su dawo rana ɗaya ba, alhali masu ajiya na iya zuwa rana ɗaya. Jita-jita kaɗai ta isa. An kuwa buɗe bankin ne ana tsakiyar karayar tattalin arziki ta shekarun 1840, wadda ta durƙusar da manoma da 'yan kasuwa a tsibirin. Mutanen da rabinsu an taɓa ɗaure su kan sata, sauran kuma an taɓa cutarsu, ba su da dalilin yarda da kowa. Jarin Walker na gaskiya shi ne sun san shi tun suna cikin sarƙa, ya zo ya zauna da su bai nemi komai ba.

Bankin ya yi ta girma har ya cinye lokacin manajansa, cinikin yadi ya koma baya. Ba shi kaɗai ke gabansa ba: yana raba littattafan addini, yana cikin hukumar ilimi, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa makarantar sakandare ta Hobart wadda ba ta wata ɗariƙa ba ce. Masu gidajen giya ba su ƙaunace shi ba, kuma ba su rufe ba.

Duk wannan hidima wata ce ke ɗauke da nauyinta a gida. Sarah Benson Mather, wadda ya aura a Disambar 1840, 'yar mai kantin yadi ce ita ma, iyayenta sun zo da ita tsibirin tana yarinya. Ta haifa masa 'ya'ya goma. Sun zauna a saman kantin, sun kuma yi haya na ɗan lokaci a farkon shekarun 1850 a gidan Narryna da ke unguwar Battery Point, wanda yau gidan tarihi ne. Kamar sauran gidajen masu rufin asiri na garin, fursunoni mata ne ke yi mata aikin gida, wato tsarin da maigidan ya shekara shida yana rubuta illolinsa shi ke wanke masa riga. Walker ya rasu a Fabrairun 1859 yana da shekara 58, babban ɗansa bai cika 18 ba. Sarah ta rayu har 1893, shekara 34 tana riƙe da gidan.

Babban ɗan, James Backhouse Walker, sunan abokin tafiyar uban aka sa masa. An tura shi makarantar 'yan Quaker a York, ya dawo ya yi akawu a bankin, sannan ya bar lissafi ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1876. Ɗariƙar ma ya bar ta ya koma wani coci. Ya shiga tonon tsofaffin takardun mulkin mallaka, ya rubuta tarihin farkon zaman Turawa a tsibirin da abin da ya sami 'yan asalinsa, aka tattara rubuce-rubucen a littafin Early Tasmania bayan rasuwarsa. Yana cikin waɗanda suka matsa aka kafa Jami'ar Tasmaniya a 1890, yana kuma shugabantarta lokacin da ya rasu a 1899. Dangin uwarsa, su Mather, na cikin waɗanda suka kafa makarantar Friends a Hobart a 1887, wadda yau ta fi kowace makarantar 'yan Quaker yawan ɗalibai a duniya.

Bankin kuwa ya koma ginin dutse na kansa a titin Murray, daga baya ya zama Savings Bank of Tasmania. A 1991 aka haɗe shi da wani aka sami Trust Bank, a 1999 aka sayar wa kamfanin Colonial, shekara guda bayan haka Commonwealth Bank ya haɗiye su duka.