Shan Sukari Da Kasalar Rana: Abin Da Ya Kamata Ma'aikata Da 'Yan Makaranta Su Sani

Kaso mai yawa na sukarin da ma'aikacin ofis ko ɗalibi ke sa wa cikinsa a kowace rana ba taunawa yake yi ba, kurɓa yake yi. Wannan ne ya sa mutane da dama ba su san yawan abin da suke sha ba. Idan aka tambayi mutum ko yana shan zaƙi, sai ya ce shi ba yaro ba ne, rabonsa da alewa ko alkaki tun Sallah. Alhali kuwa da za a tara masa abin da ya narke a cikin shayinsa da lemonsa da zoɓonsa daga safe zuwa dare, a zuba masa a faranti, lalle da ya yi mamaki.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi mai matsakaicin aiki, wannan ya kama kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali na shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa in an iya raba wannan biyu, a tsaya a kan cokali 6, to ya fi alheri ga lafiya. Lissafin ya haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, haka nan mazarƙwaila ta shiga ciki, ko da yake wasu na ganin tun da daga raken Makarfi ta fito kai tsaye ba ta da laifi. Abin da bai shiga ba shi ne zaƙin da ke cikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa, da wanda ke cikin madarar shanu da nono tun asali.

To, sai mai karatu ya auna. Kwalbar lemon kwalba mai cin rabin lita, irin baƙin nan da aka fi sha, tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, watau cokali 13. Ita kaɗai ta cinye rabon yini har ta ɗan zarce. Ma'aikacin da ya tsaya wurin mai shayi da safe aka zuba masa cokali uku, ya sha lemo ɗaya da rana, sa'an nan ya ƙara shayi mai cokali uku da dare, ya sha cokali 19 ke nan, tun ba a lissafa na koko ko na kunun zaƙi ba. Lemon malta, wanda ake kai wa marasa lafiya asibiti da sunan yana ƙara jini, shi ma zaƙinsa bai yi nisa da na sauran ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta ƙarfi. Ma'aikaci zai ce in bai sha wani abu mai zaƙi da azahar ba, fayil ɗin da ke gabansa sai ya gagare shi. Ɗalibi kuma zai ce ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, don haka daren jarrabawa ba ya rabuwa da lemo da biskit. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin kuwa ƙwaƙwalwa da wani nau'in sukari da ake kira gulukos take aiki. Amma jiki yana samun wannan gulukos daga tuwo da shinkafa da doya da wake, yana tatsarsa a hankali cikin sa'o'i. Ba ya bukatar a zuba masa daga kwalba.

Bambancin yana wajen sauri. Sukarin da aka sha a ruwa ba shi da dusa ko wani abin da zai riƙe shi a ciki, saboda haka nan da nan yake shiga jini. Da zarar ya yi yawa, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki sinadarin insulin domin a kwashe shi a kai ajiya. Bayan ɗan lokaci abin da ya hau da sauri ya sauka da sauri, mutum ya ji jikinsa ya mutu, ransa kuma ya sake biya masa zaƙi. A shekarar 2019 wasu masana a Turai suka tattara sakamakon bincike 31 da aka yi a kan wannan batu, suka tarar cewa shan sukari bai faranta ran waɗanda aka gwada ba, hasali ma sun fi jin gajiya cikin minti 30, kuma kuzarin hankalinsu ya ragu cikin sa'a guda. Ashe maganin da ake sha don kasala yana da hannu a cikin kasalar.

Har wa yau akwai kasalar da ba ta da alaƙa da sukari ko kaɗan. Jikin ɗan Adam yakan yi sanyi tsakanin azahar da la'asar ko ya ci ko bai ci ba, balle a lokacin bazara sa'ad da zafi ke sa mutum ya yi asarar ruwa bai sani ba. Sau da yawa abin da ake ɗauka kwaɗayin lemo ne, ƙishirwa ce kawai, wadda ruwan randa zai kashe. Ƙarancin barci kuma yana ƙara wa mutum son zaƙi washegari, abin da ɗaliban da ke kwana karatu ya kamata su lura da shi.

Ga wanda ya yi niyyar ragewa, karin kumallo shi ne wurin farawa. Shayi da farin burodi ba sa riƙe ciki. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta dawo. Amma in aka haɗa da ƙwai, ko aka ci ƙosai ko alale ko wake, abincin yakan daɗe yana narkewa, kuma neman zaƙin hantsi yakan yi sauƙi. Gyaɗa soyayya a aljihun tebur ta fi biskit amfani, kuma ba ta fi shi tsada ba. Lemon zaƙi ko gwaiba ko mangwaro, in an ci su da tsokarsu, suna kashe kwaɗayi ba tare da sun yi wa jini ambaliya ba.

Sa'an nan sai shayi. Masu yanke sukari gaba ɗaya a rana guda sau da yawa sukan koma, domin harshe bai saba ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne mai shan cokali uku ya koma biyu da rabi na mako ɗaya ko biyu, daga nan biyu, har ya kai ɗaya. Harshe abu ne mai koyo. An gwada an gani cewa mutanen da suka rage sukari na wata biyu zuwa uku sukan ji abin da suke sha a da ya yi musu zaƙi fiye da kima. Citta da kanumfari da na'a-na'a suna ba shayi ɗanɗanon da ke rage bukatar sukari, haka nan zoɓon gida in an sa masa ɓawon abarba da citta. Masu shayi, kamar yadda kowa ya sani, hannunsu a sake yake wajen zubawa, don haka sai mutum ya faɗi adadin da yake so tun kafin a ɗauki cokali.

Wasu sukan koma ga lemon da aka rubuta ba shi da sukari, wanda ake zaƙaƙawa da sinadarai. Wannan ya fi mai sukari ga wanda ya kasa rabuwa da kwalba, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin waɗannan sinadarai wajen rage ƙiba. Bugu da ƙari, suna barin harshe a kan sabonsa na da.

Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zaƙaƙa, a ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar a kan kwalbar rabin lita ba abin da zai hana mai albashi saye ba ne. Abin da ya fi kusa da shi shi ne ruɓewar haƙori, wadda ke ƙaruwa da yawan kurɓe-kurɓen zaƙi a yini, da teɓa, da ciwon sukari irin na manya, wanda yawan shan lemo ke ƙara haɗarin kamuwa da shi, kuma maganinsa na wata-wata ke cin albashi har iyakar rai.

Amma wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari, yana allurar insulin ko yana shan ƙwayoyin da ke saukar da sukarin jini, hukuncinsa dabam ne. Irin wannan mutum sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ainun, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a nan kuwa ƙwayar sukari ko rabin kofin lemo ne ke ceton sa. Kada ya sauya tsarin abincinsa sai ya shawarci likitan da ke duba shi, kuma kada ya fita ofis ko makaranta ba tare da 'yan ƙwayoyin sukari a aljihu ba.